Sahun Gaba da 'Yan Layin Ƙasa

Akwai masu gina gada, akwai masu haƙa rijiya, akwai masu cire wa mutum haƙori ya tashi yana godiya. Duk Allah ya saka musu. Amma a cikinsu wa ya taɓa zaunar da manyan mutane a jere, kowa da tumbinsa da girman kansa, ba tare da ko ɗaya ya kumbura fuska ba? Wannan baiwa mutum ɗaya aka ba, shi ne Sahun Gaba, shugaban sashen tsara wurin zama na ma'aikata.

Sunansa na gaskiya yana cikin fayil, can yake kwana, can yake tashi. Tun daga mai gadi har direbobi, Sahun Gaba suke ce masa, don ba ya buɗe baki ya rufe bai ce, "Sahun gaba ba na kowa ba ne" ba. Da farko a bayan idonsa ake faɗi. Da ya ji, sai ya ga ai sunan ya zauna masa daidai, ya amsa, har ya nemi a rubuta masa a ƙofa.

Mutum ne da Allah ya yi wa cika. Idan zai shiga ɗaki, tumbinsa ke fara sallama, sai alƙaluman da ke jere a aljihun ƙirjinsa, sannan shi. Ranar taro yakan rataya tef irin na tela a wuya, domin tsakanin kujerar darakta da ta mataimakin darakta akwai tazarar da ido ba ya gani amma zuciya na ji. Ya san wanda ya cancanci kujera mai hannu, da wanda zai zauna a mai jingina kawai, da wanda zai tsaya a baya ya gode da aka bar shi ya shigo. An ce ko taurari ya ɗaga kai ya duba sai ya yi tsaki, don an bar ƙanana sun cakuɗe da manya.

Dokokinsa suna da yawa, amma uwarsu ɗaya ce, kuma kowa ya haddace ta: "Ba a barin giɓi a sahun gaba. Wanda bai zo ba, a ɗauke kujerarsa, a matso." Ya taɓa zartar da ita a kan wani darakta da ya zagaya bayan gida ana dab da fara taro. Bawan Allah ya dawo yana goge hannu da hankici, ya tarar sahu ya haɗe lumus, kamar fuskar tafki bayan an jefa tsakuwa. A tsaye ya ƙare taron, kusa da na'urar sanyaya ɗaki.

Abu ɗaya ne ke cin ran wannan gwarzo. Duk ƙarshen shekara ana tara ma'aikata a farfajiya a ɗauki hoto. Shi ke jera kujeru, shi ke gyara wa wannan hula, ya sa wancan ya haɗe gwiwoyi. Sai mai hoto ya ɗaga hannu, sannan yake tunawa da kansa, ya ruga gefe ya tsaya yana haki. Shi ya sa tun yana da baƙin gashi har kansa ya yi fari fat, babu hoton da ya fito a ciki gaba ɗayansa. Wata shekara kafaɗa. Wata shekara rabin hula. A shekarar da ya fi sa'a, kunnensa ɗaya ya fito sarai, har da ɗan gashin da ke leƙowa daga ciki.

Wannan hoton ne matarsa ta sa a firam ta rataye a falo. Idan baƙi sun zo sai ta bi da yatsa tana gabatarwa: "Ga Shugaban lokacin, ga daraktoci, ga kuma kunnen Baban yara." Baƙi kuwa, da yake masu ladabi ne, sukan matso su duba su ce, "Ma sha Allah, ya fito da kyau."

To, bana ita ce shekararsa ta ƙarshe, ritaya ta ƙaraso bakin ƙofa. Sabuwar Shugaba, mace mai saurin tafiya da gajeriyar magana, ta kira shi ofis ta ce, "Malam, bana ba za ka jera kowa ba. Mataimakiyarka ta yi aikin. Kai za ka zauna a sahun gaba, a damana."

"A dama, ranki ya daɗe?"

"A dama."

Ya fito yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Da ya isa gida ya gaya wa matarsa, ta hau kujera ta sauke hoton kunne, ta goge bango, ta bar ƙusa tana jira.

Shugabar nan kuwa ba hoto kaɗai ta zo da shi ba. Ta soke yawo da takardun sanarwa daga ofis zuwa ofis, ta sa aka sayo sabbin kwamfutoci, ta ce daga yau duk sanarwa ta manhajar saƙonni za ta riƙa zuwa. Mai haɗa kwamfutoci ya shigo ofishin Sahun Gaba da kwali a kafaɗa da gumi a goshi, ya haɗa wayoyi, ya kunna. Ya nuna ƙasan allo ya ce, "Yallaɓai, wannan koriyar alamar ita ce..."

Sahun Gaba ya ɗaga tafin hannu. "Dakata. Ni za ka gabatar wa baƙi? Gabatarwa aikina ce tun ba a ƙera abin da ke hannunka ba. Je ka, Allah ya yi albarka."

Mutumin yana da sauran kwalaye jibge a baranda. Ya ce amin, ya tafi.

Aka bar gwani da allonsa. Hasken safiya ya ratso labule ya kwanta a kan gilashin, sabo ƙal, ko yatsa bai taɓa shi ba. Sahun Gaba ya gyara tabarau. Idonsa bai tsaya a tsakiyar allon ba, ya gangara ƙasa, inda wani siririn layi ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, 'yan alamomin manhajoji suna zaune a kai, kafaɗa da kafaɗa. Wani zai ce layi ne. Shi kuwa ya san sahu idan ya gan shi.

Kuma sahu ne da ba a tsara ba.

Na farko dai, duk a tsakiya suka taru, kamar 'yan kallo. Ya danna manhajar lissafi don gwaji, alamarta ta faɗo cikin layin, sai ga sauran duk sun gusa sun ba ta wuri. Ya buɗe wata, suka sake gusawa. Ya dafe ƙirji. Manya na matsa wa baƙo! Wanda ya zo yanzu yana tayar da wanda ya tarar! Bayan haka, wata alama mai kama da jakar cefane ta yi zaune a kusa da farko, ta miƙe ƙafa, alhali manhajarsa ta zana taswirar zama, mai hoton shuɗin teburi, wadda da ita ya zaunar da ministoci, ba ta ma cikin layin. Da ya lalubo ta ya buɗe, can ƙarshe aka ajiye ta, bayan kowa. Da ya rufe ta kuwa, sai ta ɓace ɓat, sauran suka matso suka haɗe, kamar ba a taɓa yin ta ba.

"Inna lillahi," in ji shi. Bai lura cewa dokarsa ce ake bi ba.

Tsohon Akawu, wanda bango ɗaya ya raba ofisoshinsu, kuma rana ɗaya aka ɗauke su aiki, ya leƙo da kofin shayi a hannu. "Mutumina, lafiya na ji kana salati? Ko kujera ce ta karye?"

"Wadda ta fi kujera. Zo ka ga rashin tarbiyya."

Akawu ya leƙa, ya kurɓi shayi. "Ni tawa ma haka take. Ina danna abin da nake so, in yi aikina, in tafi gida."

"Shi ya sa har yau kake akawu."

"Shi ya sa har yau nake barci da kyau," in ji Akawu, ya koma ofishinsa.

A nan dole a yi wa Sahun Gaba adalci, don da mai ƙaramar zuciya ne, da ya kira mai gyara. Shi kuwa naɗe hannun riga ya yi. Ya hana kansa fita cin abincin rana. Ya manna takarda a ƙofa cewa ana muhimmin aiki. Ya kama linzamin kwamfutar kamar mai horar da doki, yana danna nan yana danna can, allo na buɗe masa tagogin da bai nema ba, yana rufe su da tsawa. Ana cikin haka yatsansa ya zame ya danna ɓarin dama na linzamin a kan shuɗin teburi, sai ga wani ɗan jerin zaɓi ya fito, a ciki har da wanda ke cewa a kafe alamar a layi. Ya danna. Ya rufe manhajar yana riƙe da numfashi. Shuɗin teburi bai motsa ba.

Ya miƙe tsaye shi kaɗai a ofis, ya gyara wuyan riga. "An tabbatar da ke a muƙaminki," ya ce mata. "Sauran duk 'yan wucin gadi ne."

Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa. Ya gano cewa idan ya danne alama bai saki ba, yana iya jan ta zuwa inda ya ga dama. Ya ja shuɗin teburi zuwa farko. Ya sallami jakar cefane ba ko takardar godiya. Ya shiga wurin saituna, ya tarar da inda ake komar da layin gaba ɗaya gefen hagu, ya komar, manya suka daina gusawa don ƙananan baƙi. Ya buɗe taswira biyu a lokaci ɗaya, ya ga an ɗora su a kan alama guda, ɗaya a bayan ɗaya. Mutum biyu a kujera ɗaya! Ya koma saituna ransa a ɓace, ya hana haɗa su. Sai kowace ta samu wurinta, har da sunanta rubuce a gefe, tamkar katin da ake ɗorawa a kan teburin manyan baƙi. Ya daɗe yana kallon wannan. Idonsa ya ɗan kawo ruwa.

Amma duk waɗannan sharar fage ne. Babbar nasara ita ce ranar da ya gano ana iya sa layin ya ɓuya. Yana aiki, layin ya sunkuya ya shige ƙasan allo, ba a ganin kowa. Da ya gangaro da kibiyar linzami zuwa ƙasa, sai sahun gaba ɗaya ya miƙe tsam, a jere, a nutse. Ya janye kibiya, suka zauna. Ya dawo, suka miƙe. Shekara da shekaru yana roƙon ma'aikata su riƙa tashi idan babba ya shigo, wasu su tashi rabi, wasu su yi kamar suna neman biro a ƙasa. Yau ga waɗanda ba sa gajiya, ba sa ciwon gwiwa. Wannan yinin bai yi wani aiki ba, sai shiga da fita.

Ya tara ma'aikatan sashensa, har da Mataimakiya, mace mai kamewa wadda ya horar da hannunsa har ta fi shi riƙon dokokinsa. Suka tsaya a bayan kujerarsa. Ya yi gyaran murya irin wadda yake yi kafin jawabi, mai hawa biyu.

"Jama'a, ana cewa zamani ya zo da na'ura, na'ura za ta kori mutum. Ni kuwa ina gaya muku, na'ura jahila ce mai ƙwaƙwalwa. Ta san lissafi, ba ta san girma ba. An kawo min ita ba ta san wa ke gaba da wa ba. Ban kira injiniya ba. Ban buɗe littafi ba. Ido na sa mata, irin wanda nake sa muku. Yanzu ku duba."

Ya gangaro da kibiya. Layin ya miƙe.

"Kun gani? Ko gilashi ya ji magana. Saura ku."

Mataimakiya ta gyaɗa kai da gaske. Sauran suka tafa, saboda an kusa tashi.

Sai dai a kowane sahu akan sami mai taurin kai, kuma a wannan, koriyar alamar nan ce da mai haɗa kwamfutoci ya so gabatarwa. Ba a gayyace ta ba, amma duk safiya da an kunna kwamfuta sai ta shigo da kanta ta zauna. Zaman ma ba na ladabi ba. Ana cikin aiki sai ta yi ƙara, ƙiling, ta hau ƙifta ido, ta ɗaura wani jan ɗigo a ka mai lamba a ciki. Abin da ya fi ƙona masa rai, da ta fara ƙifce-ƙifcen nan sai ta tayar da layin gaba ɗaya, alhali shi bai iso ba. Wato manya su miƙe saboda ita. Ya rufe ta, gobe ta dawo. Ya ja ta ƙarshen layi, ta ci gaba da ƙifta ido daga can, kamar mai kiran saurayi ta taga.

Akawu ya sake leƙowa, ya tarar da shi yana hararar allo. "Kai da wa kuma yau?"

"Ni da wannan fitsararriyar."

"A'a, mutumina, wannan ka bar ta. Ita ce ta saƙonni. Ta nan Shugaba ke magana yanzu."

Sahun Gaba ya cire tabarau a hankali, ya ajiye a kan tebur. "Shugaba ta yi magana da ku ta nan. Ni da bakinta ta kira ni, da bakinta ta ce a dama. Mutumin da zai zauna a damanta ba a aiko masa 'yar aike mai kashe ido. Idan tana nemana ta san ƙofata."

"To, ranka ya daɗe. Kada dai ka ce ban faɗa ba."

"Ka faɗa. An ji. Ja min ƙofar."

A yinin nan ya gama da ita. Can kusurwar dama ta layin, kusa da agogo, ya hangi wata 'yar kibiya mai kallon sama. Ya danna, sai wani ɗan akwati ya buɗe, cike da ƙananan alamomi, shiru, ba mai motsi. Fuskarsa ta washe. Ashe har ɗakin jira aka yi! Ya shiga saituna ya kashe mata murya, ya hana ta ƙifta ido, ya cire mata jan ɗigon, ya rufe tagarta, ta koma cikin akwatin nan tare da sa'o'inta.

"Ki zauna nan har a neme ki," ya ce.

Ta zauna. A duk ma'aikatar babu wanda ya taɓa bin umarninsa da aminci kamarta.

Ana gobe za a ɗauki hoto, wanda aka sa da yamma, mai hoto ya dubi sama ya ce wa Shugaba bai yarda da gajimaren nan ba, gara a yi da safe kafin ruwa ya sauko. Shugaba ta rubuta layi biyu ta aika wa kowa. A kowane ofis, daga hawan ƙasa har na sama, koriyar alama ta yi ƙiling ta ƙifta ido. A ofis ɗaya kawai ta karɓi saƙon ta rungume, ta yi shiru a ɗakin jira, kamar yadda aka koya mata. Mai ofishin kuwa ya kashe kwamfuta da wuri ya tafi wurin tela gwada sabuwar riga. Babu wanda ya bi shi da labari. Wa zai tari Sahun Gaba ya gaya masa lokacin taro? Ai kamar ka gaya wa agogo ƙarfe nawa ne.

Washegari ya tashi da nishaɗi. Tunda sai yamma, ya ba wa kansa hutun safiya, ya karɓo riga, ya wuce shagon mai aski. Aka lulluɓe shi da farin ƙyalle har wuya, aka shafa masa kumfa. Ya ce a kula da gefen dama da na hagu daidai wa daida, domin bana duka biyun za su fito.

Wayarsa ta yi ƙara a kan teburin madubi. Ya leƙa da wutsiyar ido. Akawu ne.

"Yallaɓai, in miƙo maka?" in ji mai aski.

"Bar ta. Abokina ne, kwamfutarsa ce ta gagare shi. Tun da aka ji na horar da tawa ba ni da sukuni. Ilimi kaya ne, ɗan'uwa, wanda bai ɗauka ba bai san nauyinsa ba."

Wayar ta yi shiru, ta sake ɗauka. Wannan karon Mataimakiya ce.

"Ka gani? Yini ɗaya na sakar musu aiki, sun rikice. Idan na ɗauka yau, gobe da na yi ritaya wa za su kira? Bari ta koyi tsayawa da ƙafarta. Kifa min wayar, ka gyara nan ƙasan kunne."

Mai aski ya kifa wayar. Ta yi ta gurnani a kan katako har ta gaji. A waje iska ta fara kaɗa ganyaye, sama ta yi duhu, ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin shagon ya gangara a hankali. Sahun Gaba ya lumshe ido a ƙarƙashin tawul mai ɗumi, yana gwada murmushin da zai yi: ba mai yawa ba, kada a ce yana zumuɗi, ba kuma kaɗan ba, kada a ce bai gode ba.

Bayan azahar ya iso ma'aikata a ƙarƙashin lema, sabuwar riga na ƙara, turare na riga shi shiga. Farfajiya wayam. Ruwa na zuba a kan siminti, yana wanke sawun ƙafafun kujeru. An tattare su duka an jibge a baranda, ɗaya a kan ɗaya, ba babba ba yaro. Guda ɗaya ce kawai a ware a jikin bango, mai hannu, mai laushi, da kati manne a jikinta. Feshin ruwa ya jiƙa katin, tawadar sunansa ta fara gangarowa.

Mataimakiya ta fito da sauri, fuskarta cike da alfahari irin na ɗalibar da ta ci jarrabawa.

"Yallaɓai, sannu da zuwa. Komai ya tafi daidai. Da safe aka yi, kamar yadda aka sanar."

"Aka sanar," in ji shi.

"Mun yi ta kira. Shugaba ma ta ce a ɗan jira ka, a bar kujerar a wurinta ko za ka iso. Na ce mata, ranki ya daɗe, ki yi min rai. Idan Yallaɓai ya ga hoto da giɓi a sahun gaba, ni zai tsine wa. Na ɗauke ta da hannuna, na ce a matso. Ana gamawa ruwa ya sauko." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Ban ba ka kunya ba, ko?"

Ya dubi kujerar da ke jikin bango.

"Kin yi daidai," ya ce da ƙyar.

Ya hau bene, ya shiga ofis, ya kunna kwamfuta. Ya gangaro da kibiya, sahu ya miƙe masa tsam kamar kullum. Bai amsa gaisuwar ba. Ya je kusurwa ya buɗe ɗakin jira. Tana nan zaune inda ya bar ta, koriya shar, ba ƙara, ba ƙifta ido. Ya danna ta. Saƙon Shugaba na jiya ne a sama. A ƙarƙashinsa na Akawu na safiyar yau: "Mutumina, kana ina? Kujerarka na ta hamma."

Akawun da kansa ya leƙo, yau ba kofi a hannunsa. Ya dubi rigar, ya dubi askin. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya fasa, ya ce, "Rigar ta yi kyau, wallahi."

Hoton ya fito bayan 'yan kwanaki, kuma Shugaba ta ji daɗinsa har ta sa aka ɗora shi a fuskar kowace kwamfuta ta ma'aikata. Saboda haka da Sahun Gaba ya kunna tasa, shi ya fara cin karo da shi, ya cika allon daga gefe zuwa gefe. Ya sa tabarau. Ya ɗauko tef ɗinsa ya aza a kan gilashi. Ya auna daga kafaɗar Shugaba zuwa ta darakta, ya auna ɗaya ɓarin. Ya bi gwiwoyi, ya bi huluna, yana neman kuskure ɗaya tak da zai riƙe ya ce da yana nan da ba a yi ba. Babu. Sahu ya haɗe lumus. Duk wanda ya gamu da shi a baranda sai ya kama hannunsa ya ce tunda ake ɗaukar hoto a ma'aikatar nan ba a taɓa yin mai tsari kamar na bana ba.

An ba kowa kwafi ɗaya. Ya kai nasa gida a cikin ambulan, ya miƙa wa matarsa ba tare da ya dube ta ba. Ta zaro, ta kai bakin taga inda haske yake. Ta duba sahun gaba. Ta duba na baya. Ta bi gefen dama da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta bi na hagu, har ta ɗan karkata hoton ko wani abu ya maƙale a bakin takardar.

Sannan ta mayar da shi cikin ambulan, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon firam tana goge shi da gefen mayafi. Ta hau kujera ta mayar da shi kan ƙusarsa, ta daidaita shi, ta sauko ta ja da baya tana kallo.

"Baban yara," ta ce, "Allah ya so ban yar da kunnen ba."